Garin Allon Malam Babba

"Ni hwa ban ce sai kin armi Murtala ba," in ji Gwaggo Iyatu, tana tsintar shinkafa a faifai, ko ɗaga kai ba ta yi ba. "In kin ga dama ki zauna hat ki tsuhwa cikin gidanga, tuwo ba ya ƙare muna. Amma ɗan masassaƙa kam, ba da bakina ba."

Shafa'atu tana durƙushe a gabanta tun bayan la'asar, gwiwoyinta har sun yi tsami. Ta yi kukan ta share, ta sake sabo.

"Gwaggo, mi yai miki? Ko sau guda ba ki zauna kin ji maganatai ba."

"Bai yi min komi ba, ɗiyata. Yaro na mai ladabi, na ji ana hwaɗi. Amma gidanga gidan alƙalami na tun kakanni. Ubanai turmi yat tashi shina sassaƙa, turmi yam mutu shina sassaƙa. In anka tambaye ni wa nib ba ɗiyar Malam, in ce mi?"

Wanda bai san gidan ba zai ɗauka Gwaggo Iyatu muguwa ce. Ba muguwa ba ce, taurin kai ne Allah ya yi mata mudu biyu a wurin da ya ba sauran mutane ɗaya. Ita ce yayar Malam Mudi, mahaifin Shafa'atu, mai makarantar allon nan ta unguwar Firchin a cikin Jega. Ita ta ɗauki Shafa'atu a zanen goyo tana wata bakwai, ranar da aka binne mahaifiyarta, ita ta tauna mata abinci, ita kuma ta tsaya kai da fata har aka bar ta ta tafi jami'ar Aliero ta karanto ilimin lantarki, lokacin da dangi ke cewa ina mace ina wayar wuta. Shi ya sa Malam ya yi alkawari tun tuni cewa ba zai ba da auren Shafa'atu ba sai da yardar yayarsa. Ita ma Shafa'atun ba za ta iya shiga ɗakin kowane namiji ba tana sane da Gwaggo ba ta sa albarka ba.

Ga shi kuwa zuciyarta ta riga ta tare a Maiyama, a shagon wani kafinta mai suna Zaharaddeen. Shekara uku ke nan, tun ranar da ya zo Aliero gyaran kujerun ajinsu, na'urarsa mai huda katako ta mutu, ita kuma ta karɓa ta kwance ta gyara masa a tsaye, shi yana riƙe mata jaka kamar ɗan rakiya.

A ɗaya gefen kuma ga Murtala, ɗan ƙanin mijin Gwaggo, babban dillalin albasa a Aliero. Mutum ne mai kyauta da saurin hannu, irin wanda kafin ka gama faɗin matsalarka ya riga ya tura mota. Magabatansa sun aiko cewa ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za su zo neman izini.

Yau kuwa Laraba.

*

Saurin hannun nan na Murtala shi ya janyo abin da ya faru a makon da ya wuce.

Ruwan watan Agusta ne ya sami kafa a rufin zauren Malam, ya jiƙa allunan makaranta guda arba'in. Da suka bushe sai fuskarsu ta tashi ta yi kaushi, alƙalami ya riƙa sarƙewa, tawada tana bazuwa. Murtala na jin labari ya kwashe su a bayan mota ya kai wani babban shagon kujeru a birni, ya ce a yi musu aikin da ba a taɓa yi wa allo ba.

Aka kuwa yi. Aka goge su da inji mai gudun tsiya, aka bi su da man sheƙin nan na kujeru har shafi uku. Suka dawo suna ɗaukar ido, mutum na iya gyara hularsa a jikinsu.

"Malam, diba!" in ji Murtala cike da murna. "Ko Sakkwato babu allo irin wanga."

Malam Mudi ya tsoma alƙalami a kurtu ya ɗora. Tawadar ta taru ta yi ƙwallo, ta gangara ta ɗiga a kan buzunsa. Ya sake gwadawa, haka. Ya daɗe yana juya allon a hannunsa, sannan ya ɗago kamar zai yi wata tambaya, sai kuma ya haɗiye ta.

"Allah shi saka da alheri, Murtala," ya ce kawai.

Ranar ko tuwo bai ci ba. Kowa a gidan ya ce baƙin cikin man sheƙin ne.

To yau da Shafa'atu ta gaji da kuka a gaban Gwaggo, sai ta wanke fuska ta nufi zaure. Ta sami mahaifinta zaune shi kaɗai, allunan jingine a bango suna ta walƙiya, babu mai amfani ko ɗaya.

"Baba, akwai mai iya cire man nan."

Malam ya dube ta ta saman tabarau. Ya san ko wane ne, amma sai da ya ja mata rai.

"Wa ke nan?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi.

"Na Maiyama."

"Maiyama gari na babba, Shafa'atu. Sarki ko liman?"

Dariya ta kusa ƙwace mata a tsakiyar hawaye.

"Zaharaddeen, Baba. Shina haɗa wani inji wanda aka rage ma gudu. In anka bi man a hankali zai hita, iccen ba zai ƙone ba. Sai dai bai gama ba, haɗin wutar yar rage, shi kuma bai iya ba."

"Ke kin iya?"

"Na iya, Baba."

Malam ya buɗe baki zai yi magana. Sai ga Gwaggo ta leƙo, don ita kunnenta ba ya tsufa.

"Wa za ya tahi Maiyama? Ɗiyata? Shagon namiji? Sai dai bayan raina!"

"Da ranki za a yi, Yaya," Malam ya ce a natse. "Ke za ki raka ta. Gobe Alhamis babu karatu, Asabat nika son alluna."

Ya tashi ya shiga ɗakin littattafansa, ya fito da wani abu naɗe cikin tsohon rawani. Gwaggo na ganinsa ta gane shi. Allon mahaifinsu ne, Malam Babba, na icen aduwa, wanda ya yi shekara hamsin yana rubutu a kai. Shi ma ruwan ya taɓa shi, amma Malam bai bari ya shiga motar Murtala ba.

Ya ɗora mata a hannu.

"Yaya, ki tahi da shi. Ki zauna ki dibi hannun yaron. In ya yi miki, ki ba shi shi goge. In bai yi miki ba, ki maido min shi yadda yake, ni kuma ba ni ƙara tada maganatai. Ba sai kin ce min komi ba, in na warware rawani na gani."

Shafa'atu ta bi naɗin da kallo. Aurenta ne aka naɗe cikin tsohon rawani aka miƙa wa wadda ta rantse ba da bakinta ba.

Gwaggo ta rungume allon a ƙirji.

"Yadda yat tahi haka za shi dawo," ta ce.

*

Kafin magariba Shafa'atu ta kira shi.

"Gobe muna nan tahe, ni da Gwaggo da alluna arba'in."

"Da wa?" Ta ji wani abu ya faɗi a shagon, da alama guduma ce.

"Da Gwaggo."

"Innalillahi. Shafa, shagon hwa ko shara ban yi ba. Injin ma rabinai na ƙasa."

"To ka tashi ka ɗaga shi. Ka ɗaure teburin da ƙasa kada shi yi rawa. Akwatin wutar kuma kada ka taɓa min, na san halinka."

"Ranki shi daɗe, injiniya. Ni da akwatin sai kallo." Muryarsa ta sauka. "Kin yi kuka yau. Ina ji ga muryarki."

"Ban yi ba."

"Kin yi. Ki bari hakanan, don Allah. Ni ban da abin da zan nuna ma Gwaggo sai hannuna, amma gobe za ta gane shi dut."

Ba ta gaya masa zancen allon Malam Babba ba. Ta so ta faɗa, harshenta ya ƙi. Tana tsoron in ya sani hannun nasa ya yi rawa.

*

Da hantsi motar haya ta sauke su a Maiyama. Gwaggo ta sha kunun safe amma fuskar nan a murtuke, allon naɗe a hammatarta ƙarƙashin mayafi.

Zaharaddeen ya tarye su tun daga bakin titi, ya zube har ƙasa.

"Gwaggo, an zo lahiya? Ya hanya?"

"Lahiya," ta ce, tana kallon wani wuri can daban.

Ya shimfiɗa mata sabuwar tabarma a inuwar ƙofar shago, ya kawo fura da nono a kwanon sha. Ta ce ta ƙoshi. Bayan minti goma kwanon ya koma rabi, ba wanda ya nuna ya gani.

A kusurwar shagon ya keɓe wurin gugar. Tebur ne mai kauri na icen maɗaci, ya ɗaure ƙafafunsa da ƙasa da manyan kusoshi. A kai ga gangar ƙarfe biyu, bel na samfefa ya zagaye su. A ƙarƙashi ga moton lantarkin da ya sayo na hannu a kasuwar Jega, ga kuma bututu da ya bi ta gefen bel ɗin ya faɗa cikin buhu, da 'yar fanka mai zuƙe garin katako. Abin da ya rage shi ne ɗan akwatin nan mai lambobi da ya yi wata biyu yana jira daga Kano, wanda ke sa moto ya yi gudu ko ya yi rarrafe yadda aka so.

"Ina za ka aje shi?" Shafa'atu ta tambaya.

Ya nuna mata bango. Ya ƙera wa akwatin gida na katako can sama inda gari ba zai kai ba, da 'yan ramukan shan iska. Ramukan kuwa da ta duba da kyau, an jera su ne suka ba da harafin farko na sunanta.

Ta yi sauri ta kau da kai.

"Aiki munka zo," ta ce.

"Ni ma aiki niy yi," ya ce.

"Ina jinku hwa," in ji Gwaggo daga tabarma.

Shafa'atu ta naɗe hannun hijabi ta fito da kayan aikinta. Waya uku daga akwati zuwa moto, ɗaya zuwa ƙarfen da aka kafa a ƙasa saboda tsaro, sannan abin murɗawa irin na fanka a gaban tebur inda hannu zai kai. Shi yana miƙo mata abin da ta nema, ita tana ba da umarni. Duk sanda yatsunsu suka kusa haɗuwa a kan sukudireba sai Gwaggo ta yi tari.

Wajen sha ɗaya aka tada janareta.

"Bismillah," Shafa'atu ta ce, ta danna.

Bel ya tashi, amma da baya. Maimakon garin da ke kan tebur ya bi bututu, sai ya taso gaba ɗaya ya yi waje, ya sauka a kan Gwaggo Iyatu, daga ɗankwali har kwanon fura.

Aka kashe.

Gwaggo ta miƙe a hankali, girarta fari fat.

"Wanga shi na injin? Shekara huɗu kina Aliero, abin da kika koyo ke nan?"

"Gwaggo, laihina na," Zaharaddeen ya yi saurin cewa. "Ni nij juya moton jiya."

"Ƙarya kake, ɗan nan. Ina kallo, ita taɗ ɗaura wayar." Ta kakkaɓe mayafi. "Amma dai ka iya rufa asiri."

Shafa'atu ta sauya waya biyu, bel ya dawo hanya. Sai dai ba a nan wahalar ta tsaya ba. Zaharaddeen ya ɗauko allo ɗaya cikin arba'in ɗin ya ɗora, kafin a ƙirga biyar wani ƙauri ya tashi. Man sheƙin ya narke ya manne a samfefa, gefen allon ya yi baƙi.

Ya janye da sauri, amma Gwaggo ta riga ta gani. Ta ƙara matse abin da ke hammatarta ta fara neman takalmi.

"Tashi mu tahi. Na ga abin da niz zo gani."

"Gwaggo!" Shafa'atu ta sha gabanta, idanunta sun ciko. "Don girman Allah ki ba ni minti goma. Akwatin daga kamfani a kan gudu yake zuwa, ban riga na saita shi ba. Laihina na, ba nashi ba."

"Kullum laihin wani na."

"Gwaggo, ke kika goye ni. Ke kika ce ma dangi a bar ni in yi karatu. Yau guda niƙ roƙe ki ki tsaya ki ga abin da karatun yay yi. In kin tahi yanzu, wallahi ba ni ce miki komi, zan bi ki har gida, in zauna inda kika aje ni. Amma zan zauna ina sane ba ki diba ba."

Hawayen suka zubo. Gwaggo ta dube ta, ta dubi titi, ta yi tsaki mai tsawo.

"Minti goma. Kuma ki share hancinki, gaban mutane muke."

Ta koma ta zauna.

Shafa'atu ta hau kan benci ta shiga danna lambobi, tana taune leɓe. Ta rage iyakar gudun, ta sa moton ya riƙa tashi a hankali, ta mayar da ikon duka kan abin murɗawa. Da aka sake kunnawa sai bel ya taso kamar mai jin barci, har ana iya bin ɗinkinsa da ido yana zagayawa.

"Murɗa kaɗan," ta ce. "Tsaya nan."

Zaharaddeen ya gwada a kan guntun katako, ya taɓa da bayan hannu. Babu zafi. Ya dube ta ya yi murmushin da ya sa ta kusa faɗowa daga bencin.

Ta ɗauka zai ɗauko allo ya ci gaba. Sai ya kashe injin.

*

Ya kwance buhun da ke bakin bututu, wanda ke cike da garin kujeru da ƙofofi, ya fitar da shi waje. Ya share teburin da ƙasan wurin tas. Ya buɗe akwatin kayansa ya fito da sabon farin ƙyalle da aka ɗinke kamar jaka, ya ɗaura a bakin bututun. Ya shimfiɗa wani ƙyallen a ƙasa. Sannan ya ɗauki buta ya fita, ya dawo da ɗanyar alwala, ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa.

Allon farko da ya ƙone ma, kafin ya share teburin sai da ya bi shi da tafin hannu ya tattara ɗan garinsa a gefe, yanzu ya zuba a jakar, yana istigfari ƙasa-ƙasa.

Ita kanta Shafa'atu ba ta gane ba.

Gwaggo ce ta kasa haƙuri.

"Kai, mi kaka yi haka? Salla za ka yi ko aiki?"

"Aiki, Gwaggo." Ya ɗan rusuna. "Ɗazu garaje niy yi, ina son ki ga injin na tashi, har nim mance. Allunan ga sun sha tawada shekara da shekaru. Ko an wanke, ko an goge, tana nan cikin icce. Abin da zai hita garin Ƙur'ani na. Ba a haɗa shi da shara, ba a taka shi."

Gwaggo ta ƙura masa ido.

"Wa yag gaya maka?"

"Babana. Ba turmi kaɗai yaka sassaƙa ba, hadda alluna. In malamai sunka kawo tsoho a kankare, bisa farin ƙyalle yaka yi, shi ƙulle garin shi maida musu, su san inda za su zuba. Bai yi karatu mai nisa ba, Gwaggo, izu biyu gare shi. Yakan ce shi dai bai iya karanta abin da ke jiki ba, amma ya san ko mi na na."

"Mi sunan uban naka?"

"Ɗantsoho. Ɗantsoho na Jandutsi."

Wani abu ya gilma a fuskar Gwaggo.

Ya fara aiki. Samfefa mai kaushi tukuna, a gudun rarrafe, har man ya fita kamar dusa. Sai ya sauya bel mai laushi, ya ɗan ƙara gudu, ya bi jijiyar icen sau biyu ya tsaya.

"Ba ka ƙara ba?" Shafa'atu ta tambaya. "Bai yi santsi sosai ba."

"Allo ba ya son santsi sosai. Sai an bar mishi ɗan haƙori da zai kama tawada."

Ya goge shi da ƙyalle ya kai wa Gwaggo da hannu biyu. Ashe tsohuwar da shirinta ta zo. Ta zaro ɗan kurtu da alƙalamin gamba daga lalitarta, ta gyara zama, ta ja bisimilla. Tawadar ta zauna daram, baƙa wuluk, ko gezau.

Ta daɗe tana kallon rubutun nata.

"Hm," ta ce.

Allo na biyu, na biyar, na goma. Aka yi azahar aka dawo. Shafa'atu na tsaye wajen abin murɗawa, in ya ce rage ta rage, in ya ce ƙara ta ƙara, har suka daina magana, kallo kawai yake yi ta gane. Farar jakar tana ta kumbura kaɗan-kaɗan. Gwaggo kuwa ta daina tari.

Amma allon Malam Babba yana nan a hammatarta. La'asar ta yi, direban da zai mai da su Jega ya leƙo sau biyu. Shafa'atu ta duba ta ga rawanin ko motsi bai yi ba, sai zuciyarta ta karye. Ta fara tattara kayan aikinta a hankali, tana ɓoye fuska don kada Zaharaddeen ya gani.

"Kai, ɗan Ɗantsoho."

Suka juyo tare.

Gwaggo ta ɗora naɗin a cinya tana warwarewa. Allon ya fito, baƙi, mai nauyi, fuskarsa duk ta tashi.

"Wanke hannunka ka zo."

Ya karɓa kamar an miƙa masa jariri. Ya juya bayansa, sai ya tsaya cak. Can ƙasa kusa da gindi akwai 'yar alama, tsaga uku da ɗigo.

"Gwaggo... wanga alamar kakana ta. Babana ma ita yaka sa wa."

"Na sani," ta ce. "Ina 'yar shekara tara wani masassaƙi yaz zo daga Jandutsi da ƙahwa, da allon ga bisa kai, da ɗanai biye. Baba yat tashi daga buzunai yat tarbe shi, yaz zaunar da shi kusa gare shi, sunka ci tuwo akushi guda. Ni nik kai musu ruwa. Na mance, ɗan nan. Wallahi sai yau da nig ga farin ƙyallen ga nit tuna."

Ta ja bakin mayafi ta toshe idanunta. Shafa'atu ta durƙusa ta rungume ta, suka haɗu suna kuka, Gwaggo tana dukan bayanta a hankali tana cewa ta bari, ita ba kuka take ba, garin katako ne ya shiga mata ido.

Zaharaddeen ya sa sabuwar jaka, ƙarama. Ya dubi Shafa'atu.

"Ƙasa duka," ya ce.

Ta murɗa har ƙarshe. Bel ya riƙa tafiya kamar ba ya so. Ya ɗora allon da sauƙi, yana ɗagawa yana shafawa, yana sake ɗorawa. Baƙin ya riƙa washewa, jan icen aduwa yana fitowa. Da ya zo gefen dama, wajen wani ɗan lotsawa mai santsi, sai ya kewaye shi.

"Ka bar wuri," in ji Gwaggo.

"Nan babban yatsanai ka zama, Gwaggo. Shekaru da yawa sunka ƙera shi. In na cire ba ni iya maidawa."

Gwaggo ta sa nata yatsan a wurin. Ya shige daidai.

*

Rana ta yi ja suka iso Firchin. Malam Mudi yana zaune a zaure, carbi a hannu, wai shi ba jiran kowa yake ba, alhali tun la'asar ya hana a rufe ƙofa.

Gwaggo ta shiga gaba, Shafa'atu ta laɓe a bayan ƙyaure.

Gwaggo ba ta ce wa Malam komai ba, kamar yadda suka yi. Ta ajiye naɗin a gabansa.

Malam ya warware. Ya shafa fuskar allon, ya kai yatsa wurin lotsawar ya tsaya a nan. Sai wani ɗan farin ƙulli ya faɗo daga cikin rawanin.

"Wanga hwa?"

"Garin allon Baba na," in ji Gwaggo. "Ko ƙwaya ba ta taɓa ƙasa ba. Na sauran kuma gobe za shi kawo maka da hannunai, tare da allunan."

Malam ya ɗauki ƙullin da hannu biyu.

"Yaya, ranar da Murtala yam maido allunan nan, kun ce man sheƙi yah hana ni cin tuwo. Ba shi na ba. So niy yi in tambaye shi ina garin, nij ji tsoron amsa. Kwana tara ina tunanin takalman da sunka bi ta kai."

Ya share ido da gefen rawani, ya gyara murya.

"To, gobe mutanen Aliero na tahe. Mi za ni ce musu?"

"Ka ba su haƙuri, ka yi musu addu'a. Murtala ɗana na, ni zan tahi in lallashe shi da kaina." Ta juya wajen ƙofa. "Ke kuma hito daga bayan ƙyauren nan, ina ganin ƙahwarki."

Shafa'atu ta fito tana rufe fuska, ta zube a gabansu.

"Ɗazu kin ce ba da bakinki ba, Yaya," Malam ya ce, yana danne murmushi.

"Jiya nic ce." Gwaggo ta ɗora hannu a kan Shafa'atu, hannun nan da ya goye ta. "Kira shi ki ce shi turo magabatanai. In anka tambaye ni wa nib ba ɗiyar Malam, in ce jikan wanda yas sassaƙa allon ubana."